Aikin da Bai Bar Tabo Ba

Injin buga takardu ya ci kunnuwan Baba Na'am a hankali, yadda gara take cin katako, har ba wanda zai iya nuna ranar da ya kurumce. Ya shiga maɗaba'a yana saurayi mai jin faɗuwar allura, ya fito da agogon bango na sallama da wani ƙugi a cikin kai wanda ba ya zuwa hutu. Kunnen dama ya yi ritaya tun kafin mai shi. Na hagu ya ci gaba da zuwa aiki, amma mutum ɗaya kawai yake yi wa hidima, wato matarsa.

A benen da suke haya ana kiranta Lasifika, a bayan idonta, ko da yake ta sani kuma ba ta damu ba. Muryarta tana da wani kaifi da ke ratsa ƙugin nan ya isa inda ake so. In ta ce masa ya kwashe shanya, mutanen hawan ƙasa ma sai sun leƙa sun duba tasu. Shi kuwa ya samo sunansa ne daga shekarun da yake ce wa kowa "Na'am?" sau uku kafin ya gane magana. Daga baya ya gaji, ya koma gyaɗa kai. Ya gano cewa yawancin mutane ba amsa suke nema ba, kai mai gyaɗuwa ya ishe su.

Tsarin zamansu ya daɗe da kafuwa. Kullum tana hagunsa, a kan titi, a kan kujera, a wurin mai magani. Mutane su yi magana, ita ta zuba masa a kunne. Sai dai ba ta zubawa yadda aka ba ta, sai ta tace. Mai gidan haya zai tsaya a bakin ƙofa yana zazzaga, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ita kuma ta juyo ta ce, "Yana gaishe ka."

Ya san tana tacewa. Bai taɓa ƙorafi ba, domin yana da nasa sirrin. Kalmar da ta fi yawan ba shi ita ce "ba komai", kuma iri biyu ce. Akwai wadda ƙarshenta ke yin sama, gajeriya, kamar an buga cokali a kofin gilashi. Wannan ba komai ɗin ne da gaske. Akwai kuma wadda ke gangarowa ƙasa tana jan ƙafa. Wannan tana nufin akwai komai, amma ta riƙe shi tukuna. Da ta biyun nan ya san ƙaninsa ya rasu tun kafin a zaunar da shi a faɗa masa. Da ita ya san ranar da cikin farko na 'yarsu ya zube. Duniya takan zo masa ne ta wannan hawa da saukar, kuma bai taɓa gaya mata ba, don kada ta gyara.

Shi ya fara ganin ƙarin da ya fito mata a wuya. Mutumin da ba ya ji yakan zama mai kallon bakuna da maƙogwaro. Wata safiya tana shan shayi ya ga wani abu kamar ƙwan tantabara yana hawa yana sauka a gefen wuyanta duk lokacin da ta haɗiya.

"Mene ne wannan?"

"Wuya ne. Yau ka fara ganinsa?"

"Wannan na gefe."

"Ƙiba ce. Ci gurasarka."

Ya ci gurasarsa, sannan ya kai ƙara wurin 'yarsu, wadda tun tana ƙarama ake kiranta Manaja saboda ba ta iya ganin abu a zaune ba tare da ta tsara shi ba. Manaja ta tsara. Aka yi hoto, aka ɗebi jini, aka soka allura a ƙarin aka zuƙo abin da za a duba. Amsar ta fito irin wadda masana suka fi ƙwarewa a kai: ba a tabbatar da mugu ne ba, ba a kuma tabbatar da ba mugu ba ne, gara a cire.

Likitan tiyatar dogo ne mai sanyin hannu, da takunkumi a fuska. Ga Baba Na'am, mutum mai takunkumi da bango duk ɗaya ne. Ya zauna yana kallon girar likitan tana aiki. Likitan ya zana wani abu mai kama da malam-buɗe-littafi, ya ɗiga baƙin ɗigo a fiffike ɗaya.

"Ya ce wannan naman yana gaban maƙogwaron kowa," in ji Lasifika a kunnensa, da ƙarfin da ya sa nas ta leƙo. "Nawa ne ya yi ƙari a ɓangare ɗaya. Za su cire ɓangaren."

"To."

"Ya ce hanya biyu ce. Ko su yanka nan," ta ja yatsa a gindin wuyanta, "ko su bi ta cikin leɓe. Su huda ƙananan ramuka a nan ciki, su zura siririn bututu mai kyamara, su bi ta ƙarƙashin fata su gangara, suna kallo a talabijin. Ba tabo."

"Ta baki za su shiga su je wuya?"

"Haka ya ce."

"Ga ƙofa a buɗe, sai ta taga?"

Manaja ta riga ta miƙo wayarta da hotuna: wuya mai tabo kamar murmushin mugunta, da wuya sumul kamar na jariri. Tana magana da sauri, yana ganin leɓenta yana cewa Mama, Mama.

"'Yarka ta ce na taga take so," in ji Lasifika. "Wai don kada a riƙa kallona. A shekaruna wa zai kalli wuyana?"

"Ni ina kallo."

"Kai kallon dole kake yi, Baban Manaja."

Girar likitan ta nuna ya yi dariya. Sai ya gyara zama, ya ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronsa, ya ja su ƙasa a hankali, ya yi magana mai tsawo yana kallon Lasifika ita kaɗai. Ya nuna hoton mai tabo, ya nuna marar tabo, ya haɗa tafukansa alamar duk ɗaya ne. Manaja ta daina taɓa waya.

"Me ya ce?"

"Ba komai."

Kalmar ta gangaro ƙasa tana jan ƙafa. Baba Na'am ya ji ta sarai. Ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru: ya gyaɗa kai, ya bar mata ta riƙe, da tunanin in lokaci ya yi za ta sauke masa.

Ranar aikin ya zauna a ɗakin jira tare da Manaja. Akwai talabijin a bango da aka kashe wa sauti, abin da ya sa a karon farko ya zama daidai da kowa. Wata mata tana ɓare lemo tana tara ɓawon a cinyarta. Wani mutum yana ta zuwa wurin injin ruwa ba don ƙishi ba. Manaja ta so ta kwantar masa da hankali, sai ta nuna masa bidiyon yadda ake irin aikin. Ya ga wani rami ja mai sheƙi, da bakin ƙarfe biyu suna tsintar nama kamar kaji. Ya mayar mata da wayar ya ce ya gode, hankalinsa ya kwanta.

Da aka bar su suka shiga, ya tarar da ita an ɗaga mata kan gado, an naɗe haɓarta da bandeji, leɓen ƙasa ya kumbura kamar ta yi faɗa da ƙofa. Wuyan kuwa, in ban da ɗan kumburi, ba abin da ya same shi. Ƙwan tantabarar ya tafi. Ta buɗe ido, ta gan shi, ta yi masa alama ya zagayo ya kawo kunnen hagu. Ya kawo. Bakinta ya motsa.

Bai ji komai ba.

Ya ɗauka kunnen ne ya zaɓi yau ya bi ɗan'uwansa. Ya sa ɗan yatsa ya girgiza shi, ya sake matsowa. Sai ya ga Manaja ma ta sunkuya ta kai nata kunnen dab da bakin uwar, tana yamutsa fuska irin ta mai ƙoƙarin ji. Daɗi ya kama shi, ashe ba kunnensa ba ne. Daɗin bai kai numfashi biyu ba ya gane abin da yake murna a kai.

A baranda Manaja ta yi ƙoƙarin yi masa bayani da baki. Muryarta siririya ce, in ta ɗaga sai ta zama ƙara marar kalmomi, daga nan sai su ɓata da juna. Ta haƙura ta rubuta a waya da manyan haruffa. Akwai wata jijiya siririya kamar zare da ke motsa murya, tana wucewa ta bayan naman da aka cire. Ƙarin ya manne mata, sai da aka ɓanɓare shi. Ba a yanke ta ba, ta dai wahala. Likita ya faɗa tun ranar nan cewa hakan kan faru jefi-jefi, ko ta wace hanya aka bi. Takan farfaɗo cikin makonni ko watanni.

"In ba ta farfaɗo ba fa?"

Manaja ta rubuta wani abu, ta goge, ta sake rubutawa, ta miƙo masa. Za ta farfaɗo, Baba. Ya karanta, amma gogewar ya fi gani.

Aka sallame su. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kuma kowa da abin da ya kawo shi: wuyan. Yayar Lasifika, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta kama haɓar ƙanwarta ta juya ta dama da hagu kamar mai duba tukunya kafin ta saya, ta ɗaga hannuwa sama tana mamakin zamani. Matar mai gidan haya ta kawo 'yarta musamman don ta gani. Ba sai an fassara masa ba, a kan leɓen kowa abu ɗaya yake karantawa: kamar ba a yi ba. Manaja tana tsaye a gefe tana karɓar yabo, domin dai ita ta zaɓi tagar. Tun da ba tabo, ba a daɗe ba aka yanke hukuncin cewa mai jiki ta warke, aka daina zuwa. Maƙwabcin hawan ƙasa ne kawai ya nuna alamar rashi. Ya tare Baba Na'am a matakala ya yi masa nuni da agogo da barci, wato ya makara zuwa aiki, domin shekaru ke nan da kiran shayin Lasifika yake tashi.

A cikin gidan suka koma kamar baƙi biyu da jirgi ya sauke a ƙasar da ba su jin yarenta. Tana iya raɗa, kowa yana ji in ya matso, ban da mutum ɗaya da ta shekara talatin da wani abu tana yi wa magana. In tana son shi sai ta jefo masa matashi, in ba matashi kusa, silifa. In ya juyo ta nuna masa waya. Kashe fanka. Gishiri ya ƙare. Ka sa rigar a bai-bai. Saƙonnin suna isowa daidai, ba kuskure, kamar daga ofis. Ya karanta "ka sa rigar a bai-bai" ya kasa sanin ko dariya take yi masa ko ta gaji da shi. Fuskar ma ba ta taimaka ba, domin haɓarta da leɓen ƙasa sun yi dindiris tun daga aikin, murmushinta yana fitowa rabi, kamar wanda aka aro.

Akwai na'urar ji a cikin durowa, wadda Manaja ta kawo masa da daɗewa ya gwada sau ɗaya ya ce tana yi masa fito. Wata rana da hantsi, ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya ɗauko ta ya sa sabon batir ya cusa a kunne. Duniya ta faɗo masa a ka. Ashe firij yana gurnani. Ashe famfon kicin yana ɗiga, kuma ga alama ya daɗe yana yi. Motoci, tattabaru, takalmin wani a hawan sama, numfashinsa shi kansa. Ya je ya zauna a damanta don kunnen hagu ya fuskance ta, ya ce, "Yi magana."

Ta yi. Ya ji wani abu kamar ana share tsakar ɗaki da tsintsiya a gidan maƙwabta. Ya ƙara wa na'urar ƙarfi, firij ya ƙara gurnani, tsintsiyar ta ƙara shara. Kalma ɗaya ko biyu suka faɗo, amma a kwance, ba hawa ba sauka. Raɗa ba ta da sama da ƙasa, iska ce kawai da aka yanka gunduwa-gunduwa. Ya bar na'urar a kunne har la'asar saboda taurin kai, sannan ya mayar da ita durowa, ya je ya ɗaure famfon.

Abin da ya rage shi ne sakamakon ƙarin. An kai shi ɗakin bincike a yayyanka a duba, a faɗi ko mene ne. Ranar komawa asibiti ɗan Manaja ya tashi da zazzaɓi, ta rubuto cewa su je, za ta kira likitan daga baya. Suka tafi su biyu. A bakin titi Lasifika ta koma hagunsa bisa al'adar ƙafafunta, da babur ya taho ta baya ta buɗe baki, sannan ta tuna, ta fizgo hannun rigarsa.

Likitan ya duba cikin leɓenta ya gyaɗa kai da gamsuwa. Ya shafa wuyan, ya sake gyaɗa kai. Aiki dai ya yi kyau, wannan ko makaho ya shafa zai yarda. Sannan ya fesa mata magani a hanci, ya zura wani siririn bututu, ya juyo da talabijin ɗin. Baba Na'am ya ga wasu farare biyu kamar labulen ƙofa. Likitan ya yi mata alama ta ce wani abu. Labule ɗaya ya taho tsakiya da sauri yana neman ɗan'uwansa. Ɗayan yana tsaye a gefe, ko gezau. Wannan bayanin bai buƙaci kunne ba.

Bayan an zare bututun likitan ya koma kujerarsa, ya kalli kwamfuta, ya haɗa yatsunsa, ya fara magana. Ya daɗe yana yi. Girarsa ta sauka, ta hau, ta daidaita. Ya nuna ƙanƙanta da yatsu biyu. Ya nuna wuyanta, ɓangaren da ba a taɓa ba. Lasifika tana zaune da jaka a cinya, tana kallonsa yadda take kallon mai gidan haya. Sau ɗaya ta yi raɗa, likitan ya matso ya ji, ya amsa.

"Me ya ce?" in ji Baba Na'am.

Ta ɗauko waya, ta danna da yatsa ɗaya, ta juyo masa da ita.

Ba komai.

Ya kalli kalmomin. Baƙaƙe ne a kan fari, tsayinsu ɗaya, a jere kamar sojoji.

"Wacce?" ya ce.

Ta ɗaga gira. Ba ta gane ba, kuma ba yadda za a yi ta gane, tun da bai taɓa gaya mata cewa guda biyu ce ba.

Ya juya ga likitan. Shekara da shekaru bai faɗi abin da zai faɗa yanzu ga wani baƙo ba, ya gwammace a ɗauke shi mutum mai saurin yarda.

"Likita, ni ba na ji. Duk gyaɗa kan da ka ga ina yi, ban ji ko ɗaya ba. Ita ce take ji mini. Ka gaya mini da kanka."

Daga yadda nas ta waiwayo ya san ya faɗa da ƙarfi fiye da kima. Likitan ya kalli Lasifika, don maganar jikinta ce, ba ta mijinta ba. Ta ɗaga hannu ta sake shi a cinya, alamar a yi yadda aka ga dama.

Likitan mutumin kirki ne. Ya taso, ya sauke takunkumin, ashe yana da gashin baki. Ya sunkuya ya fara ihu a kunnen dama. Lasifika ta kama hannun rigar likitan ta zagayo da shi hagu. Ya sake farawa. Kalmomi suka riƙa faɗowa ɗaya-ɗaya ta cikin ƙugin, kamar kaya daga motar da ke gudu. Daji. Ƙarami. Mun cire. Yawanci. Jira.

Ganin abin ba ya tafiya, likitan ya koma ya buga a kwamfuta ya juyo masa da ita. An samu ciwon daji a cikin ƙarin, ƙarami, irin mai tafiyar hawainiya. An cire shi duka iyakar abin da ake iya gani. Yawancin masu irinsa suna rayuwarsu har tsufa. Za a riƙa duba ɗaya ɓangaren lokaci-lokaci. Maganar murya, a ƙara jira. In ba ta dawo ba akwai abin da za a iya gwadawa don ta ƙara ƙarfi, ko da ba ta koma yadda take ba. A ƙarshe likitan ya ɗaga masa babban yatsa.

Baba Na'am ya karanta sau biyu. Ya gane kowace kalma. Amma ya yi rayuwarsa yana buga kalmomi a takarda, na ɗaurin aure da na talla da na neman ƙuri'a, duk da tawada ɗaya, kuma bai taɓa ganin wadda injin ya ƙi bugawa don ba gaskiya ba ce. "Yawanci" na iya zama gida mai faɗi, na iya zama bakin rami. "Iyakar abin da ake iya gani" kuwa ya dogara da mai gani. Bai san muryar likitan ba balle ya auna ta. Abin da yake so shi ne matarsa ta ɗauki duk wannan ta tauna, ta ba shi a kalma biyu, ya ji inda ƙarshensu ya nufa.

Ya gyaɗa kai, ya yi godiya.

Sun iso gida rana tana kan tagar kicin. Ta ajiye jaka, ta ɗora ruwan shayi, ta zauna a kan doguwar kujera ta cire takalmi. Ya zauna a damanta.

"Maman Manaja, ba komai ɗinki guda biyu ce."

Ta juyo.

"Akwai mai hawa, akwai mai sauka. In kin yi mai hawa, na san ba komai. In kin yi mai sauka, na san akwai. Ranar da ƙanina ya rasu mai sauka kika yi. Ranar da likitan nan ya shafa wuyansa ma ita kika yi, na ji, na ƙyale ki."

Ta jawo waya.

Tun yaushe?

"Tun Manaja tana goye."

Ta sake dannawa, wannan karon da ƙarfi, har wayar tana rawa.

Munafuki.

"Na yarda."

Kafaɗunta suka fara girgiza. Ya ɗauka kuka ne, sai ya ga rabin murmushin nan, sai kuma ya ga idon ya cika, ya rasa wanne zai ɗauka. Ta goge fuska da gefen mayafi. Ta ajiye wayar a ƙasa, ta kama kansa da hannu biyu kamar za ta wanke masa shi, ta juya kunnen hagu, ta manna bakinta a kai.

Ya rufe ido. Ya ji ɗumin numfashinta, ya ji leɓenta ya haɗu ya rabu. Kalma biyu ne, wannan ya tabbata. Ya kai yatsunsa kan maƙogwaronta, a kan fatar nan sumul da kowa ya zo kallo, ko zai ji wani motsi ya hau ko ya sauka. Ta sake faɗa, da duk ƙarfin da take da shi, har jijiyar wuyanta ta tashi a ƙarƙashin yatsunsa. Iska ta wuce. Ƙugin cikin kansa yana nan yadda yake.

Ta saki kansa ta leƙo fuskarsa tana jira.

Ya gyaɗa kai.

Ta san wannan gyaɗawar, ita ta fi kowa saninta, ta ga ya yi wa mai gidan haya ita, ya yi wa likita. Ta kai masa duka a hannu, ba da ƙarfi ba, ta bar hannunta a wurin. Suka zauna haka har ta ga tururi yana fitowa daga kicin, ta tashi.

Tana juye ruwan ne ta tsaya, ta nuna masa ƙofa da haɓa. Ya je ya buɗe. Gwaggo ce, tana haki saboda matakala, da leda a hannu. Tun kafin ta cire takalmi ta fara tambaya, idonta yana tsallake shi yana neman ƙanwarta. Bai buƙaci ji ba, ya san abin da ake tambaya ranar da aka dawo daga karɓar sakamako.

Lasifika ta fito bakin ƙofar kicin da butar shayi. Ta buɗe baki, ta rufe. Daga can raɗa ba za ta iso ba. Ta kalli mijinta.

Baba Na'am ya gyara tsayuwa, ya juya ga Gwaggo.

"Ta ce ba komai."

Ya daɗe da daina jin muryar kansa, don haka bai san yadda ta fita ba, ko ta hau ko ta sauka. Ya waiwaya ya duba fuskar matarsa ko zai gani a can, amma ta riga ta juya tana neman kofi na uku.